Ƙanwata ta Liyon, kar ki ƙi zuwa, amma ki ji abin da ya same ni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata, wallahi ina karanta saƙonki sai na ji kamar ni na rubuta shi. Kin ce abokan aikin maigidanki sun gayyace ku cin abinci a restoran, ga ɗan shekara huɗu ga ƴar shekara biyu, kina tsoron su ba ki kunya, har kina tunanin ki ce ba ki da lafiya. Ni ma shekara uku na yi a Liyon ɗin nan ta Faransa lokacin da baban yara yake karatu, kafin mu dawo Maradi, kuma abin da kike tsoro ya taɓa sa ni kuka a bakin titi.

Ranar Asabar ce, cikin tsananin sanyi. Aka ce ƙarfe takwas na dare, daidai lokacin da yarona ya saba kwanciya saboda lekol. Wurin ɗan ƙarami, tebur na gogar tebur, ko inda zan aje keken yarinya babu. Kin san ba kamar gida ba ne da ake aje tire ɗaya kowa ya sa hannu a tashi. Su sai an kawo na buɗe baki, a jira, a kawo babban abinci, a jira, sannan kayan zaƙi, awa biyu ana zaune. Na ce a ba ni salatin Liyon ina zaton ganye ne kawai, sai ga shi da ƙwai da ƴan gutsattsarin nama a sama. Lardon ne, naman alade. Na ture shi na zauna da yunwa. Yaro ya gaji, ya ja mayafin tebur, kofin gilashi ya faɗi ya tarwatse, wuri ya yi tsit.

Mai kawo abincin bai ce komai ba, ya ce ba laifi, ya share. Wadda ta ci mini mutunci tamu ce, matar abokin maigidana, ƴar ƙasarmu. Ta dube ni ta ce da Hausa, yaran da suka saba da tabarma ai ba a kawo su kan tebur. Matar da na kawo wa kilishi da yaji da garin kuka tun daga Maradi cikin jakata! Matar da na riƙe wa ƴa ranar da ta je asibiti! Ko ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar minti biyar in samu kaina, a'a, sai baƙar magana. Kunya da ɓacin rai suka sa na mintsini yaron a cinya ta ƙarƙashin tebur, ya tsala ihu, wata tsohuwa a teburin gefe ta zuba mini ido ba ta ɗauke ba. Na goya ƙaramar da zani a kan rigar sanyi, na ja hannunsa muka fita, muka tsaya a waje shi yana kuka ni ina kuka. Har yau in ta zo hutu muka haɗu wurin biki ina gaishe ta, amma Allah ya sani zuciyata ba ta sake ba. Abin da ya fi damuna ma mintsinin nan ne, don yaron ba shi da laifi. Barci da yunwa ne suka dame shi.

Don Allah kar ki taɓa yaronki a gaban mutane, komai ya fasa. Tun Yulin 2019 dokar Faransa ta hana iyaye dukan yara, kuma akwai lamba 119 da kowa ke iya kira ya kai ƙara.

Ki roƙi maigidanki ya nemi a maida cin abincin na rana. Ku isa sha biyu daidai kafin wuri ya cika, don wajen ƙarfe biyu yawancinsu sun rufe kicin sai bakwai na yamma. In dole sai dare, ki ciyar da su a gida su ƙoshi, ko shinkafa da wake ce. Wurin kama tebur a faɗa musu akwai yara, a tanadi doguwar kujerar yara, shez ot suke ce mata. Burodi da ruwan famfo na cikin tulun gilashi kyauta ne, ki ce karaf do, kar ki ji nauyin nema. Abincin yara na menu yawanci niƙaƙƙen nama ne da soyayyen dankali, kuma ba yankan Musulmi ba ne, ni kifi ko wainar ƙwai nake nema musu. Ki tambaya ko an sa giya a miya, suna sawa sosai.

Kuma ku yi magana da maigida tun a gida, in yaro ya fara ku riƙa fita da shi bi da bi. Ranar nan nawa maigidan ya zauna yana hira da abokansa, sai da muka kwana biyu ba ma magana.

Kaɗaicin ne ke kashe mutum can. Nan Maradi in kika je suna a Zariya ko Bagalam, kina shiga wata ta karɓe miki jariri, ba ki sake ganinsa sai zai sha nono. Can ke kaɗai ce da Allahnki. Abin da ya sanyaya mini rai unguwar Giyotiyer ce, wuraren ƴan Aljeriya da Maroko da Turkawa, ga halal, ga su da son yara, wani dattijo ma har ɗaukar ƴata yake in ci abinci. In zafi ya shigo kuma ki dafa dambu ki kai su lambun Tet Dor, kallon dabbobi kyauta ne, su yi ta gudu. Ki daina lissafa yuro da sefa a kan tebur, yuro 10 ya haura jaka shida da rabi, in kina tunawa abinci ba zai wuce miki ba.

Ki sa musu zane mai motsi a waya da ƴar takarda da fensir mai launi, duk mai kallo ya kalla. Ki tambayo ƙarfe nawa aka sa da unguwar da wurin yake, ki faɗa mini ta saƙo.