Amsoshin Wasiƙunku: Gyaran Daren Ƙarshe da Tamfilet Mai Araha

Wata ƴar'uwa daga Zariya ta rubuto cikin tashin hankali. Ta gina wa wata makaranta shafin rajistar ɗalibai, ranar Litinin za a buɗe shi, sai ranar Juma'a shugabar makarantar ta turo mata hoto daga iPhone ɗinta: maɓallan duk sun manne da juna, na biyan kuɗi kuma ya ɓuya a ƙarƙashin sandar burauza. A Tecno ɗinta komai lafiya lau. Tana tambaya ko ta sake rubuta fayil ɗin CSS ɗin, wato mai tsara kamannin shafin, gaba ɗaya kafin Litinin.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba. Kada ki sake rubuta komai, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da kika kwatanta matsaloli biyu ne ƙanana da duk mai wannan sana'a ya taɓa cin karo da su. Mannewar maɓallan, ina kyautata zaton kin raba su ne da gap a cikin flexbox, wato umarnin CSS na barin tazara tsakanin abubuwan da aka jera. Safari, burauzar iPhone, bai fara gane wannan ba sai a 2021, kuma waya irin iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, ba za ta taɓa samunsa ba. Ki tambayi shugabar wace waya ce a hannunta. In tsohuwa ce, ki ba maɓallan margin, wato tazarar gefe, shi ke nan. Na biyun kuwa 100vh ne, umarnin da ke sa abu ya cika tsawon allo: a waya yana lissafa tsawon allo har da wurin da sandar burauza ta rufe. Ki bar layin 100vh yadda yake, ki ƙara 100dvh, mai lissafa wurin da ake gani kawai, a ƙasansa. Burauzar da ta gane sabon za ta ɗauke shi, wadda ba ta gane ba za ta tsallake ta tsaya a kan tsohon.

Abu biyu nake roƙonki. Kada ki taɓa !important, umarnin da ke danne sauran umarnin CSS, a daren nan, don za ki gyara shafi ɗaya ki karya uku ba ki sani ba, garin neman gira a rasa ido. Sannan in kin gama, ki canza sunan fayil ɗin ko ki ƙara masa lambar siga, in ba haka ba wayar shugabar za ta ci gaba da nuna tsohon da ta ajiye, ki zaci gyaran bai yi ba. Ki gama ranar Asabar, ki bar Lahadi don gwaji kawai. Allah Ya ba da sa'a.

Wani daga Kano yana tambaya ko ya sayi sabuwar iPhone don gwada ayyukansa, ko ya biya BrowserStack, kamfanin da ke ba da hayar wayoyi ta intanet don gwada shafi.

Sabuwa? A'a, malam. Sabuwar waya ita ce mafi ƙarancin nuna maka aibin aikinka. In har sai ka saya, ka je Farm Center ka nemi ta hannu, irin iPhone 7 da ta tsaya a iOS 15 ko 8 da ta tsaya a 16, domin irinsu ne a aljihun mutanen da za su buɗe shafinka. Ka kuma sani cewa Chrome da ke kan iPhone a nan ƙasar injin WebKit yake amfani da shi, irin na Safari, don haka waya ɗaya ta ishe ka. BrowserStack yana da kyau, amma da dala ake biya, ka san yadda canji yake. Ka biya na watan da za ka ƙaddamar da aiki, ka soke bayan nan, ka kuma sa kuɗin a lissafin mai aikin tun farko. Playwright, manhajar gwada shafuka, kyauta ne, yana da WebKit, zai kama maka da yawa daga kan kwamfutarka. Kafin duk wannan ka ari ƙaramar Itel mai Opera Mini ka gwada a inda sabis ke rawa. Opera Mini a yanayin tsimin data yana sarrafa shafi ne a sabar kamfanin kafin ya turo wa waya, kuma abubuwa da dama na kwalliya suna zubewa a hanya.

Wani kuma ya ce yana neman inda zai sauke Safari na Windows, kuma ko ya kamata ya gyara shafinsa don Internet Explorer. Haba! Apple ya daina fitar da Safari na Windows tun 2012. Duk wanda ya ba ka shi yau, ko tsohon da ba ya da amfani ne ko tarko. Internet Explorer kuwa Microsoft ya yi masa ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. Ka bar ɓata lokacinka.

Yanzu ga wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani matashi daga Kaduna ya sayi tamfilet, wato shiryayyen tsarin shafi, na manhajar gina shafuka ta WordPress a wani zauren Telegram da kuɗin da bai kai na katin data ba, alhali masu shi da dala suke sayarwa. Saura kwana uku ya miƙa wa mai shago aiki, jerin zaɓuɓɓukan sama ya wargaje a Firefox, ya nemi sabuntawa an ce ya sa lambar lasisi, ba shi da ita. Yana so in nuna masa layin da zai gyara.

Ɗana, ba zan nuna maka ba, domin ba layin ne matsalarka ba. Araha ba ta ado. Wanda ya cire makullin lasisin nan ya raba shi a banza, kana jin don Allah ya yi? Sau da yawa akwai abin da ya cusa a ciki. Na taɓa karɓar aikin wani mai sayar da yadi da shafinsa ke jefa masu shiga zuwa shafin caca, amma sai in ta Google suka shigo, shi ya sa shi mai shagon bai taɓa gani ba sai da wata kwastoma ta kira shi tana faɗa. Da na buɗe fayilolin, na tarar da wani dogon layi na haruffa a cakuɗe a can ƙasan functions.php, ɗaya daga fayilolin tamfilet ɗin, bayan an bar sarari mai yawa don kada ido ya kai wurin. Wanda ya gina masa shafin ya karɓi cikakken kuɗi, ya kawo masa kayan jabu, ya kashe waya. Kwana biyu muka yi muna share shi, kuma sai da aka ɗau lokaci kafin jan gargaɗin da Chrome ke nunawa ya sauka.

Ko da ka yi sa'a babu komai a ciki, ka yanke kanka daga sabuntawa. Burauza tana canzawa kusan kowane wata, masu tamfilet na gaskiya suna bin ta da gyara, ga shi matsalar Firefox ɗin da kake kuka da ita mai yiwuwa sun riga sun magance ta a sigar da ba ka da ikon saukewa. Kowane faci da za ka yi da hannunka kai za ka riƙa kula da shi har abada. Sannan akwai amana. Mai shagon nan sunayen kwastomominsa da lambobinsu za su shiga wannan shafi. Ya ba ka kuɗinsa ya yarda da kai, kai kuma ka ɗora masa gini a kan gumin wani da ba a biya ba. Ka je ka faɗa masa gaskiya ka nemi ƙarin mako ɗaya. Ko ku sayi lasisin daga wurin masu shi, ko ka koma ma'ajiyar WordPress ta hukuma inda akwai tamfilet na kyauta birjik da aka duba kafin a saka su. Kuma kada ka ɗora sabon a kan tsohon: ka goge komai, ka sake girka WordPress, ka canza duk kalmomin sirri.

Ta ƙarshe daga wata malama a Maraɗi: tana son sayen salon rubutu mai kyau don shafin jaridarsu, amma a wasu wayoyin ƙ da ɗ suna fitowa da wata siffa daban, wani lokacin ma akwati.

Malama, kin yi tambaya mai kyau, kuma kin yi ta kafin ki biya. Salon rubutu da yawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai burauza ta aro su daga wani salon, kowace waya da irin nata aron. Kafin ki fitar da ko sisi, ki rubuta ɓaure, ɗaki, ƙofa da ƴaƴa a akwatin gwajin masu sayarwa, da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, a siriri da kuma mai kauri. In ɗaya ya bambanta, ki wuce. Noto Sans na Google kyauta ne kuma yana da su duka, sai dai ki tabbatar wanda ya rage nauyin fayil ɗin don shafi ya yi saurin buɗewa bai yanke su ba.