Kula da gidan bakin tsauni a lokacin dusar ƙanƙara

Ka ce an damƙa maka kula da wani gidan katako a ƙauye, kusa da tsaunin Killington a jihar Vermont ta Amurka, inda mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Baƙi za su zauna mako biyu a watan Janairu, kana tambaya da me za ka fara, kuma me ya fi lalacewa. To ɗana, saurara.

Kafin ka kunna komai, sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tocila ka nemo babban makullin ruwa. Irin waɗannan gidaje ba su da ruwan gwamnati, rijiyar burtsatse ce da injin jawo ruwa, don haka makullin yana kusa da tankin matsi, wato tankin da ke riƙe ruwan da injin ya jawo yana tura shi zuwa famfuna. Rufe shi, ka buɗe, ka tabbatar yana juyawa, ka ɗaura masa jan ƙyalle, sannan ka nuna wa baƙin shi tare da makunnin injin a akwatin lantarki. Ranar da bututu ya fashe da tsakar dare ba ranar lalube ba ce. Dubi agogon tankin kuma: galibi injin yana tashi a 40, ya tsaya a 60 a ma'aunin psi. In ka ji yana ta tashi yana mutuwa alhali ba wanda ya buɗe famfo, ruwa na zuba a wani wuri.

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Amma sau da yawa bututu ba ya tsagewa a daidai inda ƙanƙarar take. Ƙanƙara tana toshe shi, tana ci gaba da girma, tana matse ruwan da ya rage tsakaninta da rufaffen famfo, har ruwan ya keta wuri mafi rauni. Shi ya sa a daren da sanyi ya tsananta sosai ake barin famfo mafi nisa yana ɗiga, na zafi da na sanyi duka. Ɗigar nan tana sauke matsin. Bututun roba na PEX ya fi na jan ƙarfe jimiri domin yana ɗan miƙewa, sai dai mahaɗansa suna tsagewa su ma. Buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki, musamman wanda ya jingina da bangon waje, domin ɗumin ɗaki ya shiga. Na'urar daidaita zafi kuwa kada ta sauka ƙasa da digiri 13 na Salshiyas, wato 55 a Faranhait da suke amfani da shi a can, ko da kowa ya fita wasa wuni guda.

Ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ke kayar da masu koyo. Baƙi suna son murhun itace. Za su cika shi, falo ya yi zafi har su tuɓe rigunan sanyi. To na'urar daidaita zafi galibi a falon take. Da ta ji ɗumi sai ta hana tukunyar ɗumama gida tashi. Ruwan da ke zagayawa a bututun gindin bango ya tsaya cik, ɗakunan baya da ɗakin ƙasa su huce, mutane na gumi a falo bututu na daskarewa a bayan gida. Maganinsa: in gidan an raba shi shiyya-shiyya, kowace da na'urar daidaita zafinta, bar shiyyar ɗakunan nesa a kan digiri 15 zuwa 16, a bar ƙofofinsu a buɗe. In shiyya ɗaya ce, ɗaga na'urar sama da zafin falon na minti 15 kafin barci da kuma da asuba, ruwan zafi ya zagaya gidan duka. Ajiye ƙaramin ma'aunin zafi a ɗakin ƙasa kusa da bututu. Shi za ka yarda da shi, ba jikinka ba.

In an buɗe famfo da safe ba ruwa, kada ka firgita. Bar shi a buɗe, ka bi bututun da hannu har inda ya fi sanyi, ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi, kana farawa daga ɓangaren famfo kana komawa baya, domin ruwan da ya narke ya sami hanyar fita. Wutar walda ko kowace wuta mai harshe, sam. Gidan katako ne, kuma cikin bango na iya cin wuta a hankali ba ka gani ba. A sa mutum ya tsaya kusa da babban makulli yayin da kake aiki, domin tsaguwa ba ta bayyana sai ƙanƙara ta saki.

Shi kansa murhun yana da ƙa'ida. Itacen da ya bushe, wanda damshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ake sawa. Ɗanyen itace da wutar da aka shaƙe wa iska suna tara baƙar kwalta a cikin bututun hayaƙi, ita ce ke kamawa ta tayar da gobara a rufi. Leƙa bututun kafin baƙi su zo: in kaurinta ya kai milimita 3, a kira mai shara. Toka kuma a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye shi waje a kan ƙasa ko siminti, ba a kan barandar katako ba. Garwashi yana kwanaki da ransa a cikin toka.

Batun iskar kabon monoksayid ba na wasa da shi. Iska ce mai guba da ke fitowa daga ƙonuwar mai, gas ko itace, ba ta da wari, ba ta da launi. Mun san yadda hayaƙin janareta ke hallaka iyali guda a dare ɗaya a gida Najeriya, to a can haɗarin ya fi, domin gidajen a toshe suke ruf. Kowane hawa ya kasance da na'urar ƙararrawarta kusa da ɗakin kwana. Danna maɓallin gwaji, sa sabon batir. Tukunyoyin zamani da yawa suna fitar da hayaƙinsu ta bango, ƙasa-ƙasa. Bayan kowace zubar dusar ƙanƙara, ɗauki shebur ka share bakin wannan bututu da na shigar iska. In sun toshe, ko tukunyar ta mutu, ko hayaƙin ya dawo ciki. Idan an ɗauke wuta, janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga gida, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe take. Ka tuna kuma ba wuta ba injin rijiya, kuma ita ma tukunyar gas ba ta aiki sai da lantarki. In an yi hasashen guguwa, cika baho da ruwa don zubawa a masai, a tanadi na sha a jarka.

Tankin gas na furofen iyakar cikarsa kashi 80. Da allurar ta sauka 30, kira masu kawowa, kuma a share musu hanya, domin motarsu ba za ta hau gangare mai santsi ba. In mai ake ƙonawa kuma tankin a waje yake, man yana yin kauri a tsananin sanyi ya toshe matacin man, don haka a nemi wanda aka gauraya da kananzir.

Dubi bakin rufi ma. Zafin da ke tserewa ta silin yana narkar da dusar da ke sama, ruwan ya gangaro ya daskare a gefen rufi mai sanyi, ya zama shinge, sauran ruwan ya koma ƙarƙashin rufin ya ɓullo a bango. Ja dusar mita ɗaya na bakin rufin da manjagara mai dogon hannu, kana tsaye a ƙasa, nesa da wayar lantarki. Kada ka sassare ƙanƙarar da gatari. Filin sokawe kuma a hana mota hawansa: dusa mai laushi tana kare ƙasa, takakkiya kuwa tana tura sanyi har ga bututu.

Ranar tafiyar baƙi, tambayi mai gidan ko ɗumi zai ci gaba. In zai ci gaba, bar shi a 13, kashe injin rijiya, rufe babban makulli, amma duba agogon tukunya tukuna, ya nuna psi 12 zuwa 15 tana sanyi, tunda ka yanke mata ruwan ciko. In za a kashe komai ne, fara da kashe hitar ruwan wanka kafin ka zubar da ruwanta, in ba haka ba ƙarfen da ke zafafa ruwan zai ƙone nan take. Buɗe famfuna daga hawan sama zuwa ƙasa, tsiyaye tankin matsi, hura iska da kwampreso a kan psi 40, famfo ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ya daina fita. Kada ka manta injin wanki da na wanke-wanke da famfon waje. Bututun ɗumama gida layinsa daban, sai an tsiyaye shi shi ma, in dai ba a riga an zuba masa maganin daskarewa ba. Kowace lanƙwasar magudana, wato inda bututun ƙarƙashin sinki ko baho ya lanƙwashe yana riƙe ruwa, ta sami kofi biyu na maganin daskarewa mai ruwan hoda, masai kuma lita ɗaya bayan an kwashe ruwansa. Na radiyetar mota guba ne, kada ya shiga sokawe. Sai ka rubuta takarda ka manna a jikin akwatin lantarki cewa hita babu ruwa, a cika ta har ruwa ya fito ta famfon zafi kafin a mayar mata da wuta.