Amsa ga mai tambaya ko makarantar fim ta ci kuɗinta

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka kafin in zauna ba ka amsa. Ka ce wata makarantar koyon shirya fim ta ba ka gurbin karatu na shekara biyu, amma kuɗin ya fi ƙarfin gidanku sai an ci bashi, ga kuma wani mai ɗaukar hoto da ya ce ka zo ka riƙa bin sa lokeshan kana koyo a hannu. Kana so a gaya maka wanne za ka kama. Ni hanya ta farko na bi, da bashi kuma na bi ta, kuma yau fiye da shekara goma ke nan ina aikin tace fim, wato yanka hotunan da aka ɗauka da haɗa su. Zan gaya maka abin da na gani, daɗinsa da ɗacinsa.

A watanmu na biyu aka ce kowa ya kawo fim na minti uku, mata da miji suna gardama a ɗaki. Kwana huɗu na yi ina haɗa nawa. Aka kashe fitila aka kunna, ko minti ɗaya bai yi ba malaminmu ya ce a tsayar. Ya tashi ya je gaban allo ya nuna fuskar matar, ya ce a matsa gaba kaɗan, ya nuna fuskar mijin, sannan ya juyo ya tambayi aji: "Wa ke kallon wa a nan?" Ɗaki ya yi tsit. Su biyun duk gefen dama suke kallo, kamar ɗaya da ƙeyar ɗan'uwansa yake magana. Ashe na ɗauki matar daga wannan ɓangare, na zagaya na ɗauki mijin daga wancan, na tsallake layin da ke tsakanin masu magana biyu ban ma san akwai shi ba. Malam ya ɗauki alli ya ja layin a ƙasa, ya tsayar da ɗalibai biyu a kai, ya miƙo mini kyamara ya ce in sake a gaban kowa. Hannuna na rawa na sake. Tun daga ranar, ko hotunan wa aka kawo mini in tace, idon jarumai nake fara bi.

Ita wannan ƙa'idar, yau za ka same ta a YouTube cikin minti biyar, kyauta. Abin da ba za ka samu a can ba shi ne mutumin da zai kalli naka aikin, ya tsayar da shi daidai inda ya karye, ya sa ka gyara nan take. A gida duk abin da ka nuna cewa za a yi ya yi kyau, don ana ƙaunarka. A lokeshan kuwa ba wanda ke da lokacinka, rana na tafiya, furodusa na ƙirga sa'o'i, in ka yi kuskure tsawa za a daka maka a karɓe abin daga hannunka. Aji ne kaɗai wurin da na taɓa zama da mutum goma sha biyar waɗanda aikinsu kawai su gaya mini gaskiya a kan abin da na yi, mako bayan mako, har fatata ta yi kauri idona ya buɗe.

Kuma tun asali abin da makaranta ke sayarwa ke nan. Makarantar fim ta farko a duniya ita ce wadda aka buɗe a Mosko a 1919, wadda daga baya aka sani da VGIK. A shekarunta na farko ko zaren fim ɗin da za a zura a kyamara wuya yake yi, sai malami Lev Kuleshov da ɗalibansa suka riƙa tsara fitowa bayan fitowa a kan dandamali, suna buɗe labule suna rufewa kamar ana yanka hoto. Ba kayan aiki, amma daga wannan ajin aka sami manyan daraktoci irin su Pudovkin. Ina kawo maka wannan ne saboda yawancin makarantu da hoton manyan kyamarori suke tallata kansu, mu ma da shi aka ja mu. Da muka shiga, kyamara biyu ce mai kyau, mu ɗaliban makarantar kusan arba'in, sai ka rubuta suna ka jira mako uku, ranar da layi ya zo kanka a ce batir ya mutu ko wani bai dawo da gilashi ba. A zamanin da sai da zaren fim ake ɗauka a kai a wanke, dole ka shiga makaranta kafin ka taɓa kayan. Yanzu manhajar tace fim ta DaVinci Resolve na da nau'in da ake saukewa kyauta, kuma darakta Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine na 2015 da wayoyin iPhone 5s. Kada ka ci bashi saboda kyamara.

Abu na biyu da na fita da shi mutane ne. Aikin farko da aka biya ni a kansa, wata 'yar ajinmu ce ta kira ni, editansu ya janye saura kwana goma a miƙa aiki. Ita ta san ina iya kwana a gaban kwamfuta ba ƙorafi, don ta gani da idonta. Har yau mafi yawan ayyukana ta hannun mutum huɗu ko biyar na wannan ajin suke zuwa. Takardar shaidar kuwa, a shekarun nan duka ba darakta ko furodusan da ya taɓa cewa in nuna masa. Abin da ake tambaya biyu ne: me ka yi, kuma wa ya san ka. Takarda sai in koyarwa kake so ka yi, ko aiki a wata hukuma.

Yanzu ga ɗacin. Kuɗin makaranta da aka rubuto maka, ka ɗauka shi ne somin-taɓi kawai. Akwai haya da abinci na shekara biyu da ba ka samun ko sisi. Akwai fim ɗin kammalawa, wanda a makarantu da yawa daga aljihun ɗalibi yake fita: sufuri, ciyar da ma'aikata, hayar fitilu, rumbun ajiye hotuna. Ni ban sa wannan a lissafi ba sai da ya taso mini, na koma na ƙara cin bashi a kan bashi. Ranar da na karɓi takardata, wata ɗaya ya rage in fara biya. Sai ga wani darakta da nake ganin girmansa ya neme ni in zauna kusa da editansa wata uku, kuɗin mota kawai zai ba ni. Wannan ita ce ƙofar da na yi shekara biyu ina nema. Na zauna da biro da takarda a daren, na lissafa sau uku, bai fita ba. Da safe na kira na ba shi haƙuri, na karɓi aikin yanka tallace-tallace a wani kamfani don albashi. Shekara huɗu na yi a can. Wanda ya zauna a kujerar da na bari, bai taɓa shiga makarantar fim ba, ba shi da bashin kowa a wuya, shi ya sa ya iya jure wata ukun. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Ka fahimci yadda sana'ar take: shekarun farko na ƙaramin biya ne, aiki ya zo wata biyu ya ɗauke wata uku. Mai bashi kuwa ba ya ɗaukewa. Kuma wannan matsalar bashi ba ta ƙananan makarantu kaɗai ba ce. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta binciki waɗanda suka gama digiri na biyu na fim a Jami'ar Columbia da ke New York da bashin karatu na gwamnatin Amurka. Matsakaicin bashinsu dala 181,000 ne, kuma shekara biyu bayan gamawa rabinsu ba sa samun dala 30,000 a shekara. Wannan fa makaranta ce mai suna a duniya.

Na ga wasu masu amsa tambayarka sun riga sun fara jero maka sunayen manyan daraktoci, wannan ya ce Scorsese da Spike Lee sun yi Jami'ar New York, George Lucas ya yi Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC), wancan ya ce ai Tarantino a shagon hayar kaset ya yi aiki, Christopher Nolan adabin Ingilishi ya karanta. Duk gaskiya ne, sai dai a duba da kyau. Nolan yana jami'a a Landan ya riƙa amfani da kyamarori da injin tace fim na ƙungiyar fim ta ɗalibai. Tarantino ya shiga horon daraktoci na cibiyar Sundance da ke Amurka a 1991 kafin fim ɗinsa na farko. Wato su ma sun nemi wurin gwaji da masu duba aikinsu, ba su dai biya shi da tsada ba. Haka manyanmu na Afirka: Ousmane Sembène yana dab da shekara arba'in ya tafi Mosko ya koyi aikin, Souleymane Cissé da Abderrahmane Sissako suka yi VGIK, kuma da tallafin karatu suka je. Sun sami ilimin, suka fito kafaɗarsu ba kaya. Shi ya sa nake cewa ka tsananta neman tallafi, ka kuma duba makarantun gwamnati irin La Fémis ta Faransa, inda kuɗin karatu kaɗan ne amma jarrabawar shiga ce mai zafi.

In har zuciyarka na kan wannan makarantar da ta kira ka, ka yi mata tambayoyi kafin ka sa hannu. Fim nawa kai da kanka za ka ba da umarni ko ka ɗauka ko ka tace kafin ka fita? A makarantar fim ta AFI da ke Los Angeles, misali, tun shiga ake raba ɗalibai fanni shida, kowa ya san me ya zo koya, kuma tun shekarar farko ake ta yin gajerun finafinai. In aka ce maka sai shekara ta biyu za ka taɓa kyamara, ka yi tunani. Ka tambayi wa ke biyan fim ɗin kammalawa, kuma wa ke da haƙƙin mallakarsa, don akwai makarantun da ke riƙe haƙƙin finafinan ɗalibai. Ka tambayi yaushe rabon malaman da shiga lokeshan. Sannan ka nemi waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce, da kanka za ka nemo su, ban da waɗanda makarantar ke sawa a talla. Ka tambaye su me suke yi yanzu, nawa ya rage musu na bashi.

Da ni ne kai, da abin da na sani yau, zan rubuta wa makarantar in roƙi a ɗage mini gurbin zuwa baɗi, in bi mai ɗaukar hoton nan shekara guda. Za ka ɗauki ƙafar kyamara, ka naɗe waya, ka riƙe sandar makirufo har kafaɗa ta yi tsami, kuma ka sani halinsa da kurakuransa za ka kwasa tare da gwanintarsa, don ba zai tsaya yi maka bayanin dalili ba. Amma a shekarar za ka gane ko kana iya jure aikin sa'a goma sha huɗu, kuma za ka gane wane fanni ne naka, haske ne, sauti ne, rubutu ne ko tacewa. Mu da yawa mun shiga aji kowa na cewa darakta zai zama, sai da rabin kuɗin ya tafi sannan muka gano inda hannunmu ya faɗa. A ƙarshen mako kuma ka yi gajerun finafinai naka, ko uku ne, su za ka nuna in za ka nemi tallafi.

In ka yi na farkon, turo mini ta akwatin saƙo. Zan zauna in kalla, in rubuto maka minti da daƙiƙar duk inda na tsayar da dalilin tsayarwar.