Lambu ɗan sanyi ne, ɗiyata

Ɗiyata, ina gajiyar tarewa? Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne don na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Kin ce kina so ki yi ɗan lambu a filin da ya rage bayan ɗaki a sabon gidan naku, amma Hajiya surukarki ta gindaya miki sharuɗɗa: kada ki jira damina, ki fara yanzu da kaka, kada ki dasa komai da rana, ki adana iri a cikin toka, kada ki bar yara su nuna 'yar kabewa da yatsa, abin da kika fara tsinka kuma ki aika wa maƙwabta. Kina tambaya wanne ne mai tushe, wanne ne camfin tsofaffi.

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk abin da Hajiya ta faɗa miki akwai dalili a ƙarƙashinsa, kuma na farkon ya fi sauran duka nauyi.

Ku da kuka tashi a birni kun ɗauka shuka da damina tare suke tafiya. Haka ne ga gero da dawa da wake da gyaɗa, haka ne kuma ga yakuwa da rama da lalo da karkashi da kabewa. Amma tumatir da albasa da latas da karas da kabeji da tafarnuwa 'ya'yan sanyi ne. Da damina ganyen tumatir ba ya bushewa, sai cuta ta kama shi ya ruɓe a tsaye, shi ya sa kike ganin tsadarsa a kasuwa daidai lokacin da ko'ina ya yi kore shar. Da bazara kuma furensa zubewa yake yi, domin in zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ba, fure ba ya ɗaure ɗa, ga shi a Kano watan Afrilu har 40 yakan taɓa. Ashe abin da mai lambu yake da shi ɗan tsakani ne, daga ɗaukewar ruwa wajen farkon Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Yi lissafin da kanki. Tumatir yana sati 3 zuwa 4 a wurin reno, bayan dashe kuma sai ya yi wata biyu ko biyu da rabi kafin ki tsinki ja. In kin yafa iri a Oktoba, kin dasa a Nuwamba, to daga ƙarshen Janairu kin daina aiken yaro wurin mai kayan miya. In kika yi sanyin jiki har Janairu, furenki zai yi kiciɓis da zafi, ki sha wahalar ban ruwa ki tashi da ganye.

Kakanninki ba da watan sama suke wannan lissafi ba, don shi kowace shekara yana ja baya da kwana 11 ko kusa da haka. Kin ga yadda azumi yake zagayawa, wata shekara cikin sanyi, wata cikin zafi. Malamai masu hisabi da taurari suke ƙirga, 28 ne, kowanne da kwana 13. Mu kuwa mata da alamu muke ganewa. Raɓa takan yi nauyi da asuba har ta jiƙa bakin zane, iska ta juyo ta gabas, leɓe ya fara tsagewa, a nemi shamuwa a rasa. Babbar alamar kakarki, Allah Ya jiƙanta, ita ce gawon da ke ƙofar gidanmu. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke ya fara toho. Ranar da ta ga ya yi kore za ta ce a sauko mata da goran iri.

Muna yara, kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a fadama ake lambu, da jigo ake ɗebo ruwa guga-guga. Ni da babanki mun sha buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan, ƙafafunmu sun yi kaushi don sanyi. Da ruwan Tiga ya iso Kadawa da Kura da Garun Malam aiki ya canza kama, yau ki je Kwanar Gafan cikin Fabrairu ki ga kwandunan tumatir iya ganinki. Jigo ya tafi, injin ya zo, amma lokacin farawa yana nan inda tsofaffi suka bar shi.

Akwai abin da Hajiya ba ta faɗa miki ba, wataƙila don ta ɗauka kowa ya sani. Shinge ake fara yi kafin shuka. A al'adarmu da damina dabbobi a turke suke, da zarar an kawar da amfanin gona sai a sake su, kuma a lokacin nan lambunki ne kaɗai kore a unguwa. Shekarar da aka haifi yayanki na rena albasa sati 5 cur, saura kwanaki in dasa, akuyar maƙwabta ta sami kafa a jikin darni. Kafin in idar da sallar la'asar ta share shi ƙaf. Na zauna a bakin fangalin na yi kuka, domin lokaci ya riga ya ƙure, ba halin sake wani. Ke gidanki da katanga, amma kaji da ƙadangaru ba ruwansu da katanga. Ki sami kara ki kewaye wurin, yanzu da kaka yana da araha, zai kuma tare miki iskar hunturu. Wurin renon kuwa ki lulluɓe shi da tsohon gidan sauro.

Ƙasar sabon gida sai an yi da gaske, yawanci cike take da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti. Ki sa a haƙe ta kamar kamu ɗaya, a tsince tarkacen, a zuba takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe har ya koma baƙi ya daina wari. Kashin kaji ɗanye ƙona saiwa yake yi, sai ya kwana biyu a tare ana yayyafa masa ruwa. Kuma kada ki bari a yi miki kunya irin ta gona. Kunya ta damina ce, don ruwa ya gangare. Da rani fangali ake yi, a ɗaga gefe a bar tsakiya ƙasa-ƙasa don ruwa ya kwanta. Faɗinsa kada ya wuce inda hannunki zai kai tsakiya ba tare da kin taka ba. In ƙasar ta gagara, buhun shinkafa da aka huda gindinsa yana ɗaukar tushen tumatir ɗaya ko tattasai biyu lafiya lau.

Dashe da yamma ba camfi ba ne. Tsiron da aka cire saiwarsa ta ji ciwo, ba ta iya shan ruwa sosai, in rana ta dake shi a haka sai ya langaɓe. In kin dasa bayan la'asar ya sami dare guda na sanyi da raɓa ya farfaɗo. Ki jiƙa wurin renon tukuna, ki ɗago kowane tsiro da 'yar ƙasarsa. Albasa ta fi kowa son haƙuri, sati 6 take yi a reno har ta kusa kaurin fensir, a rage mata tsawon lawashi sannan a dasa, kuma kada a binne ta da zurfi. Mutanen Galmi a Nijar da na Aliero a Kebbi da suka yi suna da albasa, cikin sanyin nan suke yin ta. Karas kuwa ba a dasa shi sam. Inda zai girma nan za ki yafa shi, ki gauraya irin da yashi don kada ya cunkushe, ki rufe da ciyawa har ya tsiro.

In hunturu ya kankama sai ki lura da ban ruwa. Iskar tana busar da saman ƙasa cikin sa'a guda, sai mutum ya zaci ƙishi ne ya yi ta kwarara ruwa har saiwa ta ruɓe. Tura yatsanki cikin ƙasa, in kin ji damshi a gaɓa ta biyu ki ƙyale ta sai gobe. Gara ki ƙosar da ita sau ɗaya da ki riƙa yayyafi sau uku. Ki shimfiɗa ɓuntu ko busasshiyar ciyawa a gindin shukar, za ki ga jarka ɗaya ta mai ruwa ta yi aikin biyu. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ki tara, amma ban da mai omo. Alayyafo da kuɓewa za ki ga sun noƙe sun ƙi girma cikin Disamba da Janairu, kada ki ɗura musu takin zamani, sanyi ne ba sa so. Ki riƙa ɗaga ganyen kabeji kina duba bayansa, nan darɓa take taruwa. Toka ake barbaɗa mata da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, cikin ganye take shiga ta bar farin zane kamar taswira, kuma da zafi ya fara take ƙaruwa. Duk ganyen da kika ga haka ki tsinke ki ƙona. Ina roƙonki, kada ki sayi maganin feshin da aka ɗura a kwalba ba takarda, abin da 'ya'yanki za su ci ɗanye ne.

Maganar toka ta tuna mini da hannun kakarki. Takan zaɓi kuɓewar da ta fi kyau tun tana jikin uwarta, ta ɗaura mata tsumma don kada wani ya tsinke, a bar ta ta bushe har ta fara tsagewa. Sai ta ɓare ta a faifai, ta sheƙe, ta tankaɗe toka mai sanyi ta cuɗe su da tafin hannu har kowace ƙwaya ta yi fari, ta ɗura a gora, ta toshe bakin da totuwar masara, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bi. Na tumatir kuma a kan tsumma take matse shi ya bushe a inuwa, ta naɗe abinta. Toka tana tsotse laima, tana cike 'yan kafofin da ƙwaro zai bi, shi ke nan sirrin. Sai dai ki sani, irin zamani na cikin gwangwani ko leda, wanda aka yi wa aure, in kin ajiye 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu. Shi kowace shekara sabo ake saye. Na gida shi ake adanawa.

Nuna kabewa da yatsa ba ya zubar da ita, wannan kam camfi ne, haka ma baƙar tukunyar da wasu ke kifewa a kan sanda wai don kambun baka. 'Yar kabewa tana faɗuwa ne in ƙudan zuma bai kai mata garin fure ba, ko in ƙishi ya kama uwar. Amma yaron da ya nuna yau gobe taɓawa zai yi, jibi ya tsinke, ina jin abin da tsofaffi suka hanga ke nan. Kada ki tsaya gardama da Hajiya a kan wannan. Ki ce to, ki koya wa yaran su ce Masha Allah in sun ga abin sha'awa.

Aika wa maƙwabta kuwa ki riƙe shi da hannu biyu. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka a kayan lambu, saboda haka wannan kyautatawa ce, ba tilas ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Ga kuma amfaninsa na zaman tare. Matar da kika aika wa latas ita za ta ɗaure akuyarta ba sai kin yi magana ba, ita za ta ba shukarki ruwa ranar da kika tafi biki. Shekarar da akuya ta cinye mini reno, mai akuyar ce ta bi gida-gida ta roƙo mini ragowar dashe har na cika fangali biyu. Ke baƙuwa ce a unguwar nan, kwano ɗaya na tumatir zai buɗe miki ƙofofin da sallama kaɗai ba za ta buɗe da wuri ba.

Daga ƙarshen Fabrairu, in kin ji dare ya daina sanyi, ki fara naɗe tabarma. Albasa in wuyanta ya karye ya kwanta, ki yanke mata ruwa kamar kwana 10, ki cire, ki shanya a inuwa, lawashin a daka a yi gabu. Tumatir zai nuno miki gaba ɗaya har ya fi ƙarfin tukunya, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta ki yi kauɗa, za ki gode mini cikin Yuni. Tsofaffin tushen ki tumɓuke ki ƙona, kada ki yi ta ba su ruwa don tausayi. Fangali ɗaya ya ishe ki da bazara, ki sa alayyafo da kuɓewa, yanzu ne lokacinsu, sauran ki kafce ki bar rana ta gasa ƙasar. Zogale kuma in kin same shi a gidan ya yi tsawo, a sare shi daidai ƙirji, zai yi rassa inda hannu ke kaiwa.

Ranar Juma'a ƙaninki zai shigo gari, zan ba shi irin kuɓewar gidanmu da na yakuwa da na alayyafo, da ɗan tumatir a tsumma. Kuɓewar jikar ta kakarki ce, ban taɓa bari ta yanke ba, ki ajiye ta sai sanyi ya wuce. Tumatirin kuwa ki yafa shi a ranar, kada ya kwana. Goran na aro ne, ki dawo mini da shi. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce mata in tana da irin gauta mai ɗaci ina so.

Gwaggonki.