Ko zuma za ta ciyar da ƙwaƙwalwar mai cutar mantuwa?

Tambaya: Mahaifina mai shekara 74 yana fama da cutar Alzheimer. Na ji ana cewa ƙwaƙwalwar masu wannan cuta ba ta samun isasshen sukari. Shin in riƙa ƙara masa zuma da dabino?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Abin da kika ji yana da tushe, amma zuma ba za ta gyara shi ba. Sukarin yana nan cikin jini, masu sarrafa shi ne suka gaza.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. Ƙwayoyin jijiya da ke tunani da riƙe abubuwa ba su da wata ajiyar abinci ta kirki, sai dai su dogara da ƙwayoyin da ke yi musu hidima, waɗanda yawansu ya kai kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Manya a cikinsu su ne astrosait, masu siffar tauraro. Hannuwansu na naɗe da ƙananan hanyoyin jini. Nan suke ɗaukar sukari, su adana kaɗan, su mayar da wani ya zama laktet, sinadarin da jijiya ke ƙonawa ta samu kuzari, su miƙa mata shi lokacin da take aiki tuƙuru, musamman sa'ad da ake koyon sabon abu. Masana kimiyya Pellerin da Magistretti ne suka bayyana wannan miƙa laktet a 1994. Idan amiloid da tawu, sinadaran da ke taruwa a wannan cuta, suka daɗe suna takura musu, sai laktet ɗin ya ragu. Ƙofofin da sukari ke bi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa su ma suna raguwa. Hatsi na nan cike da rumbu, amma mai girkin ta kwanta. Akwai kuma wani aikin da astrosait ke sakewa, wato kwashe gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. In ya taru, zuga jijiya yake yi har ta mutu. Hoton PET, wani hoton asibiti da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, kan nuna wannan raguwar cin sukari a gefuna da bayan ƙwaƙwalwa shekaru kafin iyali su lura da mantuwa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun toshe wani sinadari mai suna IDO1 a astrosait na ɓeraye, sai laktet ya dawo, ƙwaƙwalwar ɓerayen ta farfaɗo. Labari ne mai daɗi, amma a ɓeraye aka gani, bai zama maganin mutane ba tukuna.

Sai wasu ƙwayoyin hidimar, maikirogiliya, masu kwashe datti. Da farko sukan zabura su ƙona sukari da sauri don cinye amiloid. Da tafiya ta yi nisa sai ƙarfinsu ya ƙare, kitse ya cika cikinsu, su koma fitar da sinadaran kumburi da ke lalata abin da suke tsaro. Alois Alzheimer da kansa, likitan da aka sa wa cutar sunansa, ya ambaci wannan kitse a rahotonsa na 1907. Ƙwayar gado mai suna APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar, ita ma da jigilar kitse take da alaƙa.

Yawan zaƙi kuwa ya fi kusa da cutarwa, domin ciwon suga na lalata waɗannan ƙananan hanyoyin jinin. Dabino kaɗan ba laifi in ba ya da ciwon suga. Ki sa a auna masa sukari da hawan jini akai-akai, a duba bitamin B12 da aikin tayiroid, wata gaɓa da ke gaban wuya, don ƙarancinsu na ƙara ruɗewa kuma ana maganinsa. Ya riƙa tattaki kullum, ya samu barci, ya ci abinci a kan lokaci. In kuma yana shan maganin suga, ke za ki riƙe masa, domin mai mantuwa kan sha sau biyu ko ya sha bai ci komai ba, sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas.