Me ya sa karfasar Kainji ta fi ta kogi faɗi?

Tambaya: Salam Malam, ni mai saida kifi ne a Yawuri, na lura karfasar da ake kamowa a tafkin Kainji ta fi faɗin ciki, ta kogi kuma doguwa ce siririya, wai iri ɗaya ne ko daban? Kuma ya ake ganewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya idonka bai yaudare ka ba, sau da yawa iri ɗaya ne, ruwan ne ya bambanta. Kifin da ke fama da ruwa mai gudu jikinsa kan miƙe ya sirance don ya ratsa ruwa, na tafki kuwa da ruwa ke kwance sai ya yi faɗi, ga abinci ma da nasa tasirin. Shi tafkin Kainji ai tun 1968 da aka gama dam ɗin ya samu.

Masu bincike, irin na cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ba da ido suke yi ba. Za su kwantar da kifi a kan allo, ruler a gefe, a auna daga bakinsa zuwa gindin wutsiya, a auna faɗin ciki da tsawon kai da girman ido, sannan a raba kowanne da tsawon jiki don kar babban kifi ya ci zalin ƙarami a lissafi. Yanzu ma hoto ake ɗauka a ɗiga alamomi a kwamfuta ta kwatanta da kanta, amma fa sai an auna kifaye da yawa, guda biyu a kan tebur ba hujja ba ne, musamman in ɗayar mace ce ɗauke da ƙwai.