Kuɗin kamfe da farashin inhela: abin da nake gani a kantin magani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko gaskiya ne kamfanonin magani na ba 'yan majalisar Amurka kuɗi don su hana dokar rage farashin inhela, wato abin shaƙa maganin asma, tun da ta ɗanki mai asma ta yi miki tsada. Allah ya ba yaron lafiya. Na jima ina aiki a kantin magani a nan Amurka, ga abin da na fahimta.

Kuɗin kam ana bayarwa, kuma a fili, domin doka ta halatta. Akwai gudummawar yaƙin neman zaɓe, akwai kuma kamun ƙafa, inda kamfani ke ɗaukar ƙwararru aikinsu kawai zarya a ofisoshin majalisa. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta buga a 2020 ya nuna daga 1999 zuwa 2018 masana'antar magani da kayan lafiya ta kashe dala biliyan 4.7 kan kamun ƙafa a gwamnatin tarayya. Manyan jam'iyyun ƙasar biyu duk suna karɓar gudummawar.

Amma a ganina ba kasafai kuɗin ke sayen ƙuri'ar "a'a" ba. Abin da yake saya shi ne kujera a wurin rubuta dokar. A 2003 da aka yi dokar biyan kuɗin magani ta Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, an cusa wani sashe da ya hana gwamnati yin ciniki da kamfanoni kan farashi. Billy Tauzin, ɗan majalisar da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen wucewarta, yana barin majalisa ya zama shugaban PhRMA, ƙungiyar kamfanonin maganin. Sai a 2022 aka ɗan sassauta hanin, kuma a Janairun 2025 ne Trelegy da Breo, duka na shaƙa, suka shiga jerin waɗanda Medicare za ta yi cinikinsu.

Ita kanta inhela sinadaran cikinta yawanci tsofaffi ne. A ƙarshen 2008 aka haramta tsohuwar iskar da ke tura albuterol, maganin asma na gaggawa, saboda illarta ga sararin samaniya, masu arahar suka ɓace, sababbi suka fito da sabon haƙƙin mallaka. Daga nan kamfanoni suka riƙa yi wa ita robar inhelar da ƙidayar fesawa rajistar haƙƙin mallaka, mai son fito da irinta mai sauƙin kuɗi ya yi ta jira. A Nuwamban 2023 FTC, hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci, ta ƙalubalanci irin wannan rajista sama da 100, da dama na inhela ne.

A Janairun 2024 Sanata Bernie Sanders da wasu sanatoci suka buɗe bincike kan AstraZeneca, Boehringer Ingelheim, GSK da Teva. Alƙaluman da suka fitar abin takaici ne: Advair HFA dala 319 a nan, dala 26 a Birtaniya, Combivent Respimat dala 489 a nan, dala 7 a Faransa. Ba a fita watan Maris ba uku daga cikinsu suka ce majinyaci ba zai biya sama da dala 35 a wata ba. Teva ba ta bi sahu ba. Ki lura, wannan alkawarin kamfani ne, majalisa ba ta zartar da komai ba, kuma bai shafi masu Medicare ko Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba. Ni dai ina ganin an ba da kaɗan ne don kada a karɓe da yawa.

Dokokin jihohi su ne suka fi ɗaure wa mutane kai, kuma kusan kullum sai na yi bayaninsu a bakin kanta. Minnesota da Illinois sun sa iyakar dala 25, Washington 35, New Jersey 50. Sun taimaka, babu musu. Sai dai abin da suka ƙayyade shi ne kason da kike biya daga aljihunki. Farashin da kamfani ya sa yana nan daram, inshora ce ke cike gibin, ita kuma ta fanshe a kuɗin wata-wata. Shi ya sa a irin wannan doka kamfanonin inshora ne suka fi yin ƙorafi, masu yin maganin ba ta taɓa ribarsu ba. Sannan marar inshora ba ya ciki, haka ma'aikacin babban kamfanin da ke biyan jinyar ma'aikatansa da kansa, domin dokar tarayya ce ke hukunta wannan tsarin.

Na sha ganin uwa ta zo da takardar inhela biyu, ta kariya wadda ake shaƙa kullum da ta gaggawa. In na juya mata allon ta ga kuɗin, sai ta yi shiru, ta turo ta kariyar gefe ta ce za ta dawo ranar albashi. Ta kariyar nan ita ke hana kumburin hanyar numfashi. Yaron da ke dogaro da ta gaggawa kaɗai shi ake kwasa zuwa asibiti da tsakar dare, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai, don Allah kada ki yi haka.

In kina son sanin wa ke ba ɗan majalisarku kuɗi, ki sa sunansa a shafin hukumar zaɓe ta FEC ko na OpenSecrets, ƙungiyar da ke bin diddigin kuɗin siyasa, za ki ga adadi da masu bayarwa. In kuma an gabatar da ƙudiri a jiharku, ki duba ko farashin kamfani ya taɓa ko kason majinyaci kawai, kuma ko ya tuna da marasa inshora. Kafin nan, gobe ki tambayi mai kantinku ko inhelar yaron na da katin kamfani da ke tsayar da kuɗinta a dala 35, in babu ki ce ya kira likita a duba wadda inshorarku ta fi biya.